Gida a tsakiyar Saint-Denis: in karɓa ko in haƙura? Ina neman shawara

Ɗan Damagaram:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta na mutane ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai tura ta kai bango. A yi mini haƙuri da tsawon zance.

Na shigo Faransa a watan Satumba na 2017 da bizar karatu, na yi rajista a jami'ar Paris 8 da ke nan Saint-Denis. Wanda ya tarbe ni a filin jirgi aminin kawuna ne, ɗan unguwarmu ta Birni a Damagaram, tare suka yi makarantar allo. Ya kawo ni gidansa na HLM (gidajen haya masu rangwame na hukuma) kusa da layin tram T1, ya kwashe kayan ɗansa daga ƙaramin ɗaki ya ce ga wurinka. Da farko Yuro 200 nake ba shi a wata, da na fara aiki na mayar da shi 350, hannu da hannu, babu wata takarda tsakaninmu sai wadda yake rubuta mini cewa a gidansa nake zaune in zan sabunta katin zama. Ba ƙorafi nake ba, wallahi. Lokacin kullen korona a 2020 wata 4 ban ba shi ko sisi ba, bai taɓa canza mini fuska ba. Matarsa ce ta koya mini tuƙa tuwo da garin semoule, ita ta nuna mini mahaucin da ba ya cusa wa mutum kitse a awo, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta kai ni asibiti da tsakar dare. Har yau Inna nake ce mata. Na faɗi wannan ne don kada wani ya taɓa mini su a ƙasa.

A 2021 na je gida aka ɗaura mini aure, muna da 'ya ɗaya, ta cika shekara 3. Suna wajen mahaifiyata. Sau uku kacal na ga yarinyar nan ido da ido, in na kira ta bidiyo sai ta ruga ta ɓuya bayan zanin uwarta. Surukina kuma ya aiko mini da saƙo ta bakin yayana, ba sai na maimaita ba, kowa ya san irinsa.

To yanzu ɗan gidan da na gaji ɗakinsa zai dawo, aurensa ya mutu, Baba, wato mai masaukin nawa, ya kira ni ya ce in nemi wuri kafin ƙarshen Yuni. Wata biyu ina yawon ajans-ajans na dillalan gidaje, kowa sai ya ce in kawo garant, wato wanda zai tsaya mini in na kasa biyan haya. Sai wani da muke sallar Juma'a tare ya haɗa ni da wani mai gida. Tsohon gini ne a tsakiyar gari, bayan Rue de la République, tafiyar minti 5 zuwa tashar metro ta Basilique, hawa na uku, ɗaki ɗaya da ɗan kicin da banɗaki. Ya ce murabba'in mita 30 ne, Yuro 850 a wata, ba ya neman garant, ba ya neman takardar albashi.

Tambayata: wannan gidan zai wuce in na shigar da dosiyen regroupement familial (takardun neman izinin haɗa iyali) don in ɗauko iyalina? Kuma ta yaya zan lallaɓa shi ya rubuta mini takardar haya, don ya ce "za mu gani daga baya". Don Allah kada a ce mini in bar Saint-Denis, wannan ba ya cikin lissafi.

Kawu na Mantes:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ce kada a ce ka bar Saint-Denis, to ni da shi zan fara: ka bar Saint-Denis.

Tun 1988 nake ƙasar nan. Na yi aiki a masana'antar mota ta Flins har na yi ritaya, na ɗauko iyalina ta wannan hanyar da kake magana, na kuma cika wa mutum ya fi goma takardunsu. Buɗe kunnenka. A yankin Paris doka ta ce miji da mata sai gida mai mita 22, duk mutum ɗaya da ya ƙaru a ƙara mita 10. Kai da matarka da 'yarka, 32 ke nan. Mai gidanka da bakinsa ya ce 30. Ko gaskiya ya faɗa ka faɗi da mita 2, kuma ni ban taɓa ganin mai gidan da ya ce 30 aka auna aka samu 30 ba. OFII, hukumar kula da shigowar baƙi, ake kai wa dosiye, sannan a turo mutum daga mairie (ofishin magajin gari) ko daga OFII ɗin ya shigo har cikin ɗaki, ya duba girma, ya duba taga, ya duba abin ɗumama ɗaki, ya duba ruwa. Ba a yi masa daɗin baki, ba a ce masa Allah ya kiyaye hanya ga na mai.

Na biyu, mutumin da ba ya neman garant, ba ya neman takardar albashi, ba ya kuma ba da takardar haya, yana da suna a ƙasar nan: marchand de sommeil, mai sayar da barci. Tsofaffin gidajen tsakiyar garin nan naka cike suke da irinsu. Ka tambayi waɗanda suka riga ka zuwa labarin gobarar 2016 da ta ci mutum 5 a irin wannan tsohon ginin.

Ka zo Mantes-la-Jolie. Kilomita 50 ne yamma da Paris, jirgi daga Saint-Lazare, in ka samu mai tafiya kai tsaye minti 40 bai cika ba. Kuɗin da za ka zuba wa wancan mutumin a kan akurki, a nan zai ba ka ɗaki da falo mai numfashi. Muna da babban masallaci tun 1981, ga kogin Seine, ga fili yara su yi gudu. Katin Navigo na hawa jirgi da bas kuma tun 2015 kuɗinsa ɗaya ne ko ina kake a Île-de-France, ba a ƙara maka komai don ka yi nisa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Bakano a Cergy:

Allah ya ƙara girma Kawu, amma tun ba a je maganar gida ba, ni na ji an mayar da sharaɗin zama a ƙasar kafin a nemi ɗauko iyali wata 24 maimakon 18. Kuma ɗan'uwa ya fara tabbatar da katin zamansa na da rai. Ni nan da kuke gani wata 7 ke nan ina jiran sabuntawa. Kullum sha biyun dare ina gaban kwamfuta ina farautar rendez-vous kamar mai neman kujerar Hajji. Wasiƙa 4 na rubuta wa ofishin, ko gaisuwa ba su mayar ba. Wani kamfani ya ɗauke ni horon aiki, da suka ga takardar wucin gadin ta kusa ƙarewa suka ce in dawo in na gyara. Mu da muka zo daga Najeriya abin ya fi mana yawa, ku 'yan Nijar aƙalla kuna iya yi musu faɗa da yarensu, ni in raina ya ɓaci Faransancin guduwa yake ya bar ni. In akwai wanda ya san lauya mai sauƙin kuɗi a 95, wato yankinmu na Cergy, ya taɓa ni ta gefe.

Yaya Mai Dosiye:

Wata 18 ne har yanzu, Bakano. An saka 24 a dokar shige da fice da majalisa ta amince da ita a Disamba 2023, sai Conseil constitutionnel, mai duba ko doka ta dace da tsarin mulki, ya soke wannan sashen a Janairu 2024. A daina yaɗa shi.

Lissafin mita na Kawu daidai ne. Ƙanena mai tambaya, ka ba mu tarihin tuwon semoule amma ba ka faɗi abin da dosiye ke tsayawa a kai ba. Wane irin kati gare ka? Nawa kake ɗauka a wata, kuma tun yaushe? Ana duba matsakaicin abin da ka samu a wata 12 na baya, sai ya kai SMIC, wato mafi ƙarancin albashi na doka, ga iyali mai mutum 2 ko 3, kuma tallafin yara na CAF, hukumar tallafin iyali, ba ya shiga lissafi. A ina kake aiki? Mafi muhimmanci, ka ba mutumin nan kuɗi ko ba ka ba shi ba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ɗan Damagaram:

Na gode Yaya, na gode Kawu. Katina na ma'aikaci ne, da sauran shekara 2 a kansa. Ina aiki a rumbun ajiyar kaya kusa da filin jirgin Roissy, ƙarfe 6 na safe nake kama aiki, Yuro 1,750 ke shigo mini. Wata 8 ke nan da suka ba ni CDI, wato aikin dindindin, kafin nan ina intérim, aikin wucin gadi, a wurin.

Kuɗi kam na ba shi 1,700, na wata biyu, don ya ce mutum uku na bayana suna jira. A gaban wanda ya haɗa mu na ba shi, mutumin kirki ne, sahun gaba yake sallah. Jiya na ari abin awo na je, na samu mita 28 da 'yan kai, har da lungun da rufi ya sauko wanda sai ka duƙa. Akwai ɗan baƙi-baƙi a bango bayan kabad, ya ce zai shafa fenti.

Kawu, ba raina shawararka na yi ba. Amma daga nan nake taka wa zuwa La Plaine Stade de France in hau jirgin ƙasa na RER B ya kai ni Roissy kai tsaye. Daga Mantes sai na shigo Saint-Lazare, in tsallaka Gare du Nord, sannan in kama B ɗin. Ƙarfe nawa zan tashi? Sannan ita matar tawa, baiwar Allah, ba ta taɓa wuce Yamai ba, Faransancinta na firamare ne. A nan Inna na kusa, za ta samu mai ce mata sannu da Hausa. Kasuwa na ci Talata da Juma'a da Lahadi, ranar Lahadi in ka shiga rumfar nan ka ji ƙamshin busasshen kifi da na'ana'a, ga kuɓewa ɗanya, ga attarugu, ga masu talla na ta ihu, sai ka rantse ba a Turai kake ba. Abin da babu kuma ka gangara unguwar Château Rouge a Paris ka samo, har kuka da daddawa. Shekara 8 nake garin nan, mai gyaran waya ya san ni, mai burodi ya san ni. Ban ga dalilin da mita 4 za su raba ni da duk wannan ba.

Kawu na Mantes:

Da ma na san da walakin, goro a miya. Yuro 1,700! Ka buga a 655 ka gani, miliyan ɗaya da jika ɗari da 'yan kai na Sefa ka ɗauka ka miƙa wa mutumin da ko rasit bai ba ka ba, shaidarka kuma wai sahun gaba. Ɗana, wanda ya cinye mini kuɗin adashe a 1996 ladan ne.

Kuma ka daina cewa mita 4. Lungun da ake duƙawa ba a lissafa shi, duk inda rufi bai kai mita 1.80 ba kamar babu shi ne. Wannan baƙin da ka gani a bango danshi ne, fenti zai rufe shi wata biyu, sanyi na shigowa ya dawo, yarinya ta kama tari. Ga shi doka ta ce haya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, kai kuma rabi za ka ba da. Me za ku ci? Me za ka aika wa tsohuwa? Maganar tashi da asuba kuwa, mu da muka yi aikin dare shekara da shekaru a Flins ba mu mutu ba. Yaran yanzu kun fi son kasuwa da mai gyaran waya a kan lafiyar iyalinku.

Yaya Mai Dosiye:

Kawu, da girmanka, kashi ɗaya cikin uku ba doka ba ce. Al'adar masu gida ce da kamfanonin inshorarsu, shi ya sa ajans ke korar shi. Maganar rufin mita 1.80 kuma gaskiyarka ce.

Ƙanena, ga abin da doka ta ce. Kuɗin ajiya wata ɗaya ne in gidan babu kaya, wata biyu in da kaya, kuma ba a karɓar komai kafin a sa hannu a takardar haya. Saint-Denis na cikin garuruwan Plaine Commune, haɗakar garuruwan wannan yanki, da aka ƙayyade wa farashin haya tun Yuni 2021, za ka iya duba iyakar unguwar a intanet ka gwada da 850 ɗin. A tsakiyar gari kuma akwai wuraren da sai mai gida ya samu izinin ba da haya daga mairie. Ka tambaye shi ko yana da shi, yanayin fuskarsa zai ba ka amsa. Babu takardar haya, babu rasit, babu tallafin haya na APL, babu dosiye. Ka tura masa saƙo a waya yau, ka rubuta adadin da ka ba shi da ranar, ka bar shi ya amsa, ka adana. Sannan ka je ADIL, shawarar doka kan gidaje suke bayarwa kyauta.

Wani abin da mutane ba su sani ba: ba dole sai kana cikin gidan za ka shigar da dosiye ba, ana karɓar shaidar cewa gidan zai kasance a hannunka ranar da iyali za su iso. Ka tambayi wurin aikinka maganar Action Logement, masu taimaka wa ma'aikata samun gida, ka duba ko Visale, tsarinsu na lamuni, za ta tsaya maka a matsayin garant, ko da ka wuce shekara 30 akwai sharuɗɗan da ake shiga. Ka taɓa neman lambar HLM? Shekara 8 kana 93, wato yankin Saint-Denis, da ka nema tun farko kana sabuntawa duk shekara da yanzu kana da tsufa a layi.

Na Maraɗi a Sevran:

Ni ban ga abin wahala ba. Ka ɗauko matar ita kaɗai, mita 22 ake nema, gidanka ya wuce. Yarinya ta zauna wajen kakarta shekara ɗaya ko biyu, ta ma samu tarbiyya da karatun allo, in kun samu babban gida a ɗauko ta. Ko kuma ka duba nan wajenmu, Sevran ko Villepinte ko Aulnay, duk kan layin B suke, sun ma fi Saint-Denis kusa da Roissy. Kawu kullum Mantes, kamar ana ba shi kamasho.

Yaya Mai Dosiye:

Ba a raba iyali a dosiye. Ƙa'ida ita ce a nema wa mata da 'ya'ya gaba ɗaya, sai in akwai dalilin da ya shafi maslahar yaron. Maganar Sevran da Villepinte dai abin dubawa ce.

Ɗan Damagaram:

Ban nemi lambar HLM ba Yaya, lokacin ina ɗalibi na ɗauka ba a ba irinmu, daga baya kuma ina zaune lafiya ban ga buƙata ba. Barin yarinya kuwa ko an yarda ba zan yi ba. Akwai ma abin da ban faɗa ba don nauyin baki: na je gida a Janairu, yanzu iyalin tana da juna biyu. Amma ai jariri ba ya cin wuri, gado ɗaya zai kwana da uwarsa. Na yi tunanin in shigar da dosiyen da wuri kafin a haihu.

Sevran kuma ban san kowa ba.

Kawu na Mantes:

Innalillahi. To 42 ke nan, ba 32 ba. Mutum huɗu kuma albashin da ake nema SMIC ne da ƙarin kashi ɗaya cikin goma. Jariri ba ya cin wuri a Damagaram, a nan mita 10 yake ci tun ranar da aka yanke masa cibiya. Préfet, wakilin gwamnati a yankin mai sa hannu a dosiye, na da wata 6 kafin ya ba da amsa, a takarda ke nan. Kafin nan an yi suna an ci rago. Sai ka ce musu me, ɗan maƙwabta ne?

Maman Iman:

Ni tun ɗazu nake karantawa ina cije baki. Na Maraɗi, Allah ya shirye ka, uwa ta bar 'yar shekara 3 ta hau jirgi don mita? Ka taɓa tambayar mace ko za ta iya?

Ni a Saint-Denis nake, Franc-Moisin, tun 2014 da maigidan ya ɗauko ni ta wannan hanyar. A watan Nuwamba na sauka. Hawa na shida, lif ɗin ya fi kwana a lalace, ƙarfe 5 na yamma duhu ya rufe, shi ya fita tun asuba sai dare. Wata uku ban san sunan maƙwabciyata ba. Nakan tsaya a taga da goyo ina ƙirga motoci ina kuka, in ya dawo ya ce me na rasa, ga firiji cike. Da na ce zan shiga ajin koyon Faransanci na unguwa ya ce wa zai dafa abinci. Sai da wata ma'aikaciyar PMI, inda ake auna jarirai kyauta, ta sa baki sannan ya bari. Har yau in muka yi faɗa sai ya ce shi ya kawo ni Turai, kamar buhun gero ya ɗauko. To wannan maganar Inna da ƙanena ya yi, ku maza ba ku san nauyinta ba. Mace ta samu wadda za ta shiga wajenta ta sha hura ta yi hira, ya fi mata falo mai faɗi a garin da ba ta san kowa ba.

Amma ƙanena, wancan ɗakin kam a'a. Na san irin gidajen bayan Rue de la République, matattakalar katako mai kuka, wayoyin lantarki a waje kamar gashin da ba a kitse ba, ga keken jariri za ta ɗauka hawa uku da ɗanyen jiki. 'Yarka kuma tana isowa makaranta za ta shiga, tun 2019 dole ne daga shekara 3. A ina za ta yi barci in jariri na kuka?

Kawu kuma a daina yi mana gori. Garin nan ne aka binne sarakunan Faransa a Basilique, nan aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya a 1998, nan aka yi ƙauyen 'yan wasan Olamfik a 2024, layin metro 14 ya iso Pleyel a shekarar. Da garin banza ne da ba a zuba wannan kuɗin ba. Kai da kake unguwar Val Fourré ta Mantes har kana da bakin zagin unguwar wani?

Kawu na Mantes:

Hajiya, sarakunan da kika ambata a kwance suke, ba sa biyan haya. Olamfik ɗin ce ma ta sa mai akurki ke neman 850. Val Fourré kuma an rushe dogayen benaye tun shekarun 1990 an gyara, ki zo ki gani da idonki. 'Ya'yana huɗu a nan suka tashi, babu wanda ya taɓa kwana a hannun 'yan sanda. Ni ba na jayayya da mata a zaure, amma gaskiya ɗaya ce.

Maman Iman:

Nawa uku ma babu wanda ya kwana a hannun kowa, babbar tana lycée, babbar sakandare. Kuma ba da mata kake jayayya ba, da wadda ta zauna a garin kake.

Ɗan Yamai:

Kuna ta faɗan mita, babu wanda ya tambayi inda za a buga bizar. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairu 2024. Ko préfet ya sa hannu gobe, sai iyalin sun nemi biza a wani wuri. Matar ɗan'uwana sai da ta fita wata ƙasa maƙwabciya ta zauna gidan mutane makonni da yara biyu, kuɗin masauki da na mota ya kusa kuɗin jirgi. Daga Damagaram zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne, ga mai ciki ko mai jego. Wannan 1,700 ɗin da ka ba da, a can za ka neme shi ido rufe.

Bakano a Cergy:

Shi ya sa na ce takardu ne matsalar, ba gida ba. Har yanzu dai babu wanda ya turo mini lambar lauyan.

Shugaban Zaure:

Jama'a a sassauta. Kawu da Maman Iman, ku iyaye ne a nan. Bakano, ka buɗe naka zancen daban. A bar mai tambaya ya yi magana.

Ɗan Damagaram:

Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Na tura masa saƙon kamar yadda Yaya ta ce. Bai rubuto ba, kira ya yi, ya ce shi ba ya son harkar rubuce-rubuce tsakanin Musulmi, in ban yarda da shi ba in zo Asabar mu yi magana. Ya ce zai iya rubuta 33 a takardar haya in na ƙara 50 a wata. Wanda ya haɗa mu kuma ya ce in yi haƙuri kada in kunyata shi.

Ni dai abin da nake gani, in shiga gidan ko na wata 6 ne, tunda ƙarshen Yuni saura mako 5 kuma ba zan kwana a tasha ba, kuɗina ma kada su tafi a banza. Ina ciki ina neman babba a nan cikin gari. Ba wai na ƙi shawara ba ne, amma ku ba ku ga gidan ba, tagarsa na kallon rana, kuma daga nan ana hango hasumiyar Basilique.

Kawu na Mantes:

Ya rubuta 33, mai awo ya zo ya samu 26, sunan wa ke kan dosiyen ƙarya, naka ko nasa? Jiki magayi. Ni na gama magana. In ka shirya akwai wani ɗaki da falo da za a saki a benenmu ƙarshen wata, na san mai kula da ginin.

Yaya Mai Dosiye:

Kada ka je Asabar ɗin kai kaɗai, kuma kada ka ƙara masa ko Yuro ɗaya. Lambar HLM ɗin ka nema a daren nan, a intanet ake yi. Ka je ADIL ɗin kuwa?

Maman Iman:

Ƙanena, ita mai ɗakin naka ka nuna mata hoton bangon nan na bayan kabad? Me ta ce?